Magungunan Inna Biyu a Hanyar Tamanrasat

A tashar Agadas na fara lura cewa gwangwanin Inna ya daina ƙara. Tun daga Belbeji, duk sanda mota ta faɗa rami sai in ji ƙwayoyin suna kaɗawa a ƙugunta kamar tsakuwa cikin gora. A Agadas sai na ji shiru. Da ta juya baya tana gyara zane, na hango ta cusa auduga a ciki.

Gwangwanaye biyu ne. Ɗaya na tumatir ne da aka yi wa murfi, yana cikin lalitar da take ɗaurewa a ƙugu, cike da manyan ƙwayoyi masu launin ƙasa, tana haɗiyar guda kowace asuba. Ɗayan na man shafawa ne, yana cikin jaka, da ƙananan ƙwayoyi farare da take sha in za ta kwanta. Ban taɓa ganin ta ajiye su wuri ɗaya ba.

Ni ce 'yarta ta fari, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" take ce mini. In tana maganata da wani, sai ta ce "yarinyar nan". Ba ma hira irin wadda take yi da ƙannena, ba ta kallon tsakiyar idona, ni ma ba na kallon nata. Abin da na sani game da ita, da ido na san shi.

Manyan ƙwayoyin sun shigo gidanmu bayan rasuwar Baba, wanda ya dawo daga Libiya da tari. Lokaci lokaci Inna takan ce za ta Damagaram sarin kayan miya, ta dawo da robobi, ta ɓare takardar jikinsu ta miƙo mini in jefa a murhu. Ta manta cewa ita ce ta sa ni lakwal, makarantar boko. Na karanta kafin in ƙona, na kuma gane maganin sida ne, wato ƙanjamau. Ban faɗa wa kowa ba, ita ma ban nuna mata na sani ba.

Ƙananan sun zo daga baya, da ta fara faɗuwa. Majo, babban ma'aikacin jinyar gidan likitan garinmu, shi ne ya ba ta su, ya ce farfaɗiya ce. Ina bakin ƙofa ya tambaye ta ko tana shan wani magani, ta ce a'a. Matarsa dangin Baba ce, Inna tana tsoron abin da ya shiga gidansa da rana ya kai ga surukanta kafin magariba. A Damagaram kuma ba ta faɗi zancen faɗuwa ba. Fura take sayarwa, layin karɓar magani kuma ba ya rasa ɗan wajenmu. A ganinta wannan ciwon jini ne, wancan ciwon kai, ina ruwan wani da wani?

Duk da haka ta faɗi a tsakiyar kasuwa da ƙwarya a ka. Daga ranar babu wanda ya sake sayen furarta. Shi ya sa da aka ba mu bakans, dogon hutun lakwal, muka bar ƙannena wajen Kaka a wani ƙauye kusa da Tarka, muka nufi Tamanrasat ta Aljeriya, inda wata 'yar garinmu, Hajiya Zuwaira, ta aiko cewa akwai aikin girki a gidajen Larabawa. An tafi da ni saboda ina jin Faransanci, kuma saboda mai faɗuwa ba ta tafiya ita kaɗai.

A Arlit muka zauna jiran mota a wani gida mai dogon zaure, mata da yara a gefe ɗaya, maza a ɗaya gefen. Can na samu lokacin kallonta da kyau. Bakin zanenta, da yake tsayawa a kwankwaso, yanzu yana zagayawa har baya. Awarwaronta yana zamewa zuwa gwiwar hannu in ta ɗaga moɗa. Da ta buɗe baki za ta ci gari da ƙuli, na ga harshenta fari kamar an shafa masa kindirmo. Takan tauna kaɗan ta ajiye, ta turo mini sauran.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ba ta taɓa fashin magani ba. A lakwal an ce mana mai shan maganin nan kullum yana rayuwa kamar kowa. To ga Inna tana sha kullum, tana kuma ƙarewa a gabana. Na yi ta neman inda kuskuren yake, ban samu ba.

Motar da ta ɗauke mu ƙarama ce mai buɗaɗɗen baya. An kafa sanduna a gefe, kowa ya rungume tasa tsakanin ƙafafu. Girgiza ta sa Inna ta yi ta amai, na kuma ga farar ƙwayar ta dawo ba ta narke ba. Washegari da rana tsaka, mun tsaya an shimfiɗa tampol ana shan ruwa, sai ta yi wata ƙara ta kife.

Mutane suka watse kamar an jefa maciji. Wata mata ta janye 'ya'yanta tana cewa, "Ku matsa, ku matsa, kar yawunta ya taɓa ku!" Wani ya ce a sa mata cokali a baki, amma bai matso ba. Ni na tsaya riƙe da zanenta don kada ya buɗe, ban san abin da zan yi bayan wannan ba.

Wata tsohuwar Buzuwa ce ta taso. Tun Arlit ba ta yi wa kowa magana ba. Ta durƙusa, ta juya Inna ta gefe, ta ɗora kanta a cinya, ta share mata baki da gefen baƙin mayafinta har jikin ya lafa. Da Inna ta farfaɗo ta nemi ruwa, direba ya riƙe moɗar da ke ɗaure a bido, jarkar ruwanmu, ya dubi tsohuwar.

"Hajiya, a yi haƙuri, wannan ta jama'a ce. A nema mata gwangwani."

Tsohuwar ta zaro ɗan finjalin shayinta, ta cika, ta ba Inna. Da Inna ta sha, ta sake cikawa ta shanye a gaban kowa ba tare da ta ɗauraye ba.

"Ɗana ma yana faɗuwa," in ji ta. "Akushi ɗaya muke ci tun yana yaro. Ga ni, tsufa ne kawai ya kama ni."

Direban nan ne ya sauke mu a fili, ya nuna wani tudu da leɓe. "Ga Ingezam can bayan tudun. Kafin shayi ya tafasa kun isa. Ni in na matsa za a kama motata." Muka hau tudun, babu komai sai wani tudun. Muka hau wancan ma, haka. Maza suka fara tsine masa, matar nan da ta janye 'ya'yanta ta zauna tana kuka. Tsohuwar ta bi sawun taya da ido ta ce mu biyo ta. Ni da ita muka sa Inna a tsakiya. Hannun Inna a kafaɗata bai fi nauyin muciya ba. Rana ta yi ja kafin mu hango gine-gine. A Ingezam tsohuwar ta shiga wani lungu da 'yan uwanta, ko sunanta ban tambaya ba, har yau abin yana damuna.

A Tamanrasat, Hajiya Zuwaira ta dubi Inna daga sama har ƙasa.

"Habsu? Ke ce kika koma haka? Ni mutum na aika a kawo mini, sai a kawo mini kara?"

"Hanya ce, Hajiya," in ji Inna.

"Hanya ce ta cinye miki kumatu? To ki ji, girki dai babu. Larabawa ba sa ba baƙar fata tukunyarsu. Akwai wanki, akwai goge-goge. In kin iya, bismilla."

Ta ba mu kusurwa a wani ɗakin kwano da mata da yawa suke kwana. Garin duwatsu ne baƙaƙe, abinci burodi da safe, burodi da yamma. Lokacin damina ne a gida. Nakan rufe ido in ga gero ya kai ƙugu a kwarin Tarka, in ji warin ƙasa bayan ruwa, in ga ƙanena yana korar awaki daga gona da ƙafa ba takalmi. A nan hadari yakan taru bisa duwatsu ya watse bai ce komai ba. Tuwo da miyar kuka, da nake turo baki in an dafa, shi na yi ta mafarki.

Muka samu aiki a gidan wata Balarabiya mai ƙiba, da ke son magana da ni saboda Faransancina. Takan ce, "Ke ba ki da murya ne? Ɗaga kai, ba zan cinye ki ba." Takan ɓoye mana ƙwai dafaffe a cikin burodi. Inna tana wankin darduma, tana tari, tana zama, tana tashi. Wata safiya ta faɗi da tiyon ruwa a hannu, goshinta ya daki dakali. Matar ba ta gudu ba. Ta kira mijinta, suka sa mu a mota zuwa gidan likita.

Lokotoron da ta duba Inna mace ce, siririya, ta juya agogonta ta cikin hannu. Ba ta jin Hausa, Inna ba ta jin komai sai Hausa, don haka aka ajiye mini kujera a tsakaninsu. Tunda an riga an ga faɗuwar, Inna ta ce in fito da gwangwanin man shafawa. Lokotoron ta juya farar ƙwayar a tafinta, ta ce fenobarbital ne, na ce haka aka rubuta a takardarsa. Ta ɗinke goshin. Sai ta haska bakin Inna da ƙaramar fitila, ta daɗe tana kallo. Ta taɓa wuyanta, ta saurari ƙirjinta.

"Tambaye ta, ban da wannan tana shan wani magani?"

Na tambaya. Inna tana kallon bango ta ce, "Ki ce mata babu."

Ban juya mata wannan ba. Lokotoron ta ce tana so a auna jini. Inna ta ce, "Ki ce mata gajiya ce. A ba ni maganin tari mu tafi, mun bar wankin mutane a jiƙe."

Na faɗi wannan. Lokotoron ta ajiye alƙalami ta juyo gare ni.

"Ɗiyata, ba don in kunyata mamanki nake tambaya ba. Wannan farar ƙwayar ba ta zama lafiya da magunguna da yawa. Akwai waɗanda take kashe musu ƙarfi. In akwai wani abin da take sha, ina bukatar in sani yau."

Ina kallon ƙasa. Akwai tayil ɗaya da ya tsage, tururuwa tana bin tsagar. Abin da na kasa ganowa tun Arlit sai ya tsaya a gabana. Lalitar tana nan ƙarƙashin zanenta, kusa da gwiwata. Na tuna ranar da ta cusa auduga don kada ni ma in ji. Na tuna awarwaron. Muryata ta fito ƙasa ƙasa har sai da lokotoron ta ce in maimaita.

"Akwai wani. Babba. Tana sha kowace asuba." Na faɗi sunan da na karanta a takardun da na ƙona.

Lokotoron ta gyaɗa kai a hankali, ta yi wata tambaya, a ciki ta ambaci sida. Wannan kalmar ba ta bukatar tafinta.

Inna ta juyo ta dube ni. A iya sanina ranar ce ta fara kallon tsakiyar idona.

"Tun yaushe?"

"Tun takardar farko da kika ba ni in ƙona."

Ta kwance lalitar ta ajiye a tebur. Lokotoron ta ɗauko gwangwanin man shafawa ta jera su gefe da gefe. Ranar ce suka fara zama wuri ɗaya.

Ta yi bayani, ina juyawa jimla bayan jimla, ina jin kamar ni ce nake dukan Inna. Ta ce ƙaramar tana zuga hanta ta yi aiki da sauri, sai hantar ta wanke babbar daga jini kafin ta gama aikinta. Mutum yana sha kullum, amma abin da ke zama a jikinsa bai isa ya danne cutar ba, kamar mai zuba ruwa a tulun da ya huje. Cutar takan samu fili ta ƙaru, wani lokaci har ta saba da maganin. Ta tambayi tun yaushe ake haɗa su. Na ce ya fi shekara. Ta cire tabarau ta murza ido.

"Wato duk asubar nan da nake tashi ina haɗiya a ɓoye, a banza?" in ji Inna. Ba ni take tambaya ba, amma na juya. "Babu wanda ya faɗa mini."

"Ki ce mata babu wanda ya gan su tare," in ji lokotoron. "Ki kuma ce mata kada ta yar da ƙaramar yau don haushi. In aka daina ta lokaci guda, faɗuwar za ta dawo da ƙarfin da zai iya kashe ta. Zan ba ta wani maganin farfaɗiya da ba ya faɗa da babbar, mu rage tsohon a hankali. Babbar kuma ta ci gaba da sha. Ku dawo ku karɓi sakamakon jini, shi zai nuna mana ko tana aiki har yanzu."

Daga ranar Inna ta daina ce mini ko da "ke". In tana son ruwa sai ta nuna randa. In lokacin tafiya aiki ya yi sai ta miƙe, in bi ta. Ba ta zage ni ba, ba ta dake ni ba. Amma tana shan maganin yadda aka ce, ni nake raba mata farar ƙwayar da reza, ta karɓa ba ta dube ni ba. Sabon maganin da tsohon muka ajiye cikin jaka a ɗaki. Babbar ta koma lalita, don matan ɗakin suna da ido.

Ba mu karɓi sakamakon jinin ba. Wata safiya muna hanyar aiki aka yi kame. Motoci suka tare titi ta gaba da ta baya, duk baƙon da ba shi da takarda aka loda shi. Na yi ta roƙo da Faransanci a bar ni in koma ɗaki in ɗauko jaka, babu wanda ya tsaya ya saurara cikin ihun jama'a. Da abin da ke jikinmu muka tafi. Lalita tana nan. Maganin farfaɗiya, sabo da tsoho, yana can a rataye a ƙusa.

Abin da lokotoron ta ce kada a yi, shi ya faru. A wurin da aka tsare mu ta fara faɗuwa. A cikin kamiyo, babbar motar da ta kwaso mu zuwa iyaka, ta faɗi ta sake faɗuwa, tun ba ta gama farfaɗowa daga ɗaya ba sai wata ta zo. Babu filin da mutane za su gudu, sai suka juya mana baya suka rufe hanci da mayafi. Na yi yadda na ga Buzuwar nan ta yi. Na juya ta ta gefe, na ɗora kanta a cinyata, na share mata baki da hijabina. Ban taɓa riƙe kan Inna ba sai a cikin motar nan. Akwai furfura a bayan kunnenta da ban san da ita ba.

A Asamaka aka sauke mu. Masu agaji sun kafa tanti, aka ɗauke ta a kan bargo zuwa ciki. Ma'aikacin jinyar Bahaushe ne, daga jin harshensa ɗan wajen Maraɗi. Da na ji ya yi sallama da Hausa sai na gane yanzu ba a bukatar tafinta. Na koma bakin tanti na tsaya, inda 'yar fari take tsayawa in ana maganar manya.

Ya durƙusa kusa da ita. "Sannu, Inna. Sannu da hanya. Kina shan wani magani?"

A tantin akwai mata biyu 'yan wajen Tanut da suka san mu, suna kwance suna sauraro. Sai na ga hannunta yana laluben ƙugu. Ta kasa kwance ƙullin, ya taimaka mata. Ta tura masa gwangwanin. Harshenta ya kumbura saboda cizo, maganar tana fita da ƙyar.

"Rakiya."

Ban motsa ba. Na ɗauka wata ake kira.

"Rakiya, zo ki faɗa masa. Duka biyun."

Na je na durƙusa, na faɗa masa da Hausa, a gaban matan Tanut. Na faɗi sunan babbar, na faɗi sunan ƙaramar, da sunan sabon da aka bari a ƙusa, da abin da lokotoron ta ce game da hanta. Yana rubutawa, Inna tana riƙe da gefen hijabina.

Sun yi mata allura faɗuwar ta tsaya. Suka sa mu a motarsu zuwa Agadas, aka kwantar da ita a gidan likita. Can aka ce cutar ta riga ta yi nisa, ta buɗe wa tari da wasu cututtuka ƙofa. Sun yi iya ƙoƙarinsu. Ta ɗan samu sauƙi har ta sha kunu da hannunta, ta tambayi ko an fara girbi a gida. Ba ta kai gidan ba. A Agadas aka rufe ta, mutanen da ba su san ta ba suka yi mata salla.

Na dawo Belbeji an riga an koma lakwal. Kaka ta sayar da akuya ta ɗinka mini riga, ta ce in koma, haka uwata za ta so. Majon garinmu ya zo gaisuwa. Da zai tafi na bi shi zaure, na faɗa masa duk abin da ya faru, ina kallon takalminsa. Ya daɗe a tsaye da hula a hannu. Daga baya na ji yana ce wa masu karɓar farar ƙwayar su zo masa da duk abin da suke haɗiya, ya kuma riƙa rufe ƙofa in yana tambaya.

Kowace safiya mushe, malaminmu, yana kiran sunaye, mu amsa. Wani lokaci sai ya kira nawa sau biyu kafin in ɗaga kai. Yara su yi dariya, su ce Rakiya ta tafi Aljeriya ba ta dawo ba. Ina jin kiran tun na farko, ina dai tsayawa ne in saurara ko muryar za ta yi kama da waccan.